Godiya ga shagon farfela da ya ƙi karɓar kuɗi sai an auna inji

Zuwa ga maigida da ma'aikatan shagon kayan injin jirgin ruwa da ke kan hanyar gaɓar masunta ta Jamestown, Accra.

Assalamu alaikum. Na zaɓi in yi wannan godiya a bainar jama'a domin 'yan'uwa na Nima, Mamobi da Sabon Zango masu hannu a harkar kwale-kwale, ko a teku ko a tafkin Volta, su san cewa har yanzu akwai shagon da za ka shiga da kuɗi a aljihu a ce maka dakata tukuna, Alhaji, kada ka saya.

Duk wanda ya taɓa neman farfela a garin nan ya san yadda ake yi. Da ka ce injinka mai ƙarfin doki 40 ne, yaron shago zai zaro wadda hannunsa ya fara kaiwa, ya ce ga mai gudu. Babu tambayar tsawon jirgi, babu tambayar nauyin da yake ɗauka. In ka dawo da kukan inji na shan mai kuma ba ya ja, sai a ɗora wa kabireta laifi, ko a ce man firimis ɗin, wato fetur da aka gauraya da man inji, shi ne ba shi da kyau, a ƙara sayar maka da fulogi biyu. Haka sidi ke ta zurarewa, alhali ciwon yana can ƙarƙashin ruwa.

A shagonku abin ya sha bamban, musamman a hannun dattijon nan da yara ke kira Masta. Kafin ya taɓa kanta sai ya jero tambayoyi. Wane inji ne? Jirgin na kamun kifi ne ko na lodi? Da raga, ƙanƙara, mai da mutane, nawa yake ɗauka a rana ta yau da kullum? Wace lamba ce a jikin tsohuwar farfelar? Sannan tambayar da ta fi kowace muhimmanci: idan an buɗe wuta har ƙarshe, juyi nawa injin yake yi a minti ɗaya? Mafi yawanmu ba mu da amsar wannan, domin Yamaha Enduro mai sitiyarin hannu, wanda ya cika gaɓar Ghana, ba ya zuwa da agogon juyi. Masta yana da ƙaramin na'urar awo wadda ake naɗa wayarta a jikin wayar fulogi, kuma yana ba da aronta. Wannan kaɗai ya isa a yi masa addu'a.

Ga abin da yake koyarwa, na kawo shi don amfanin wanda bai samu zuwa ba. A jikin farfela akwai lambobi biyu, misali 11 1/8 x 13. Ta farko faɗin da'irar da fikafikan ke yi ne, da inci. Ta biyu ita ce fici, wato takun farfela: nisan da za ta ci gaba a juyi ɗaya da a ce cikin abu mai tauri take shiga, kamar sukuru a katako. Taku 13 na nufin inci 13 a kowane juyi. Amma ruwa ba katako ba ne, yana sulluɓewa, kuma iya nauyin jirgi iya yawan abin da ake asara. Shi ya sa lissafin takarda ke yaudara. Inji mai juyi 5,000 da giya biyu-da-ɗaya, wato juyi biyu na inji juyi ɗaya na farfela, yana juya farfela sau 2,500 a minti. A taku 13 wannan ya kusa kilomita 50 a awa. Wa ya taɓa ganin kwale-kwalen itacen nan da ake kira wawa, cike da raga jiƙaƙƙiya, yana wannan gudu?

Babban taku kamar babbar giya ce a mota. Kan shimfiɗaɗɗen titi ba kaya, tana da daɗi. Ka sa ta a hawa da lodi, inji ya shaƙe. Kamfani ya ƙayyade wa kowane inji iyakar juyin da ya kamata ya kai a cikakkiyar wuta. Ga Enduro 40 tsakanin 4,500 ne da 5,500. Farfelar da ta dace ita ce wadda ke barin injin ya shiga cikin wannan iyaka da kayan da ya saba ɗauka, kuma an fi so ya kusanci sama. Ƙa'idar da ake bi: rage inci ɗaya na taku yana ƙara juyi kamar 150 zuwa 200, ƙara inci ɗaya kuma yana rage kwatankwacin haka. To, idan da taku 13 inji ya tsaya a 4,200, taku 11 zai kai shi wajen 4,500 zuwa 4,600, bakin iyaka ke nan, taku 10 kuma ya fi ba shi sarari. Za ka lura ƙananan taku sukan zo da faɗi mafi girma, kamar 11 5/8 x 11 ko 11 3/4 x 10, abin da jirgi mai nauyi yake so ke nan don tura ruwa da yawa.

Illar taku mai yawa ba ta bayyana a rana ɗaya, shi ya sa ake raina ta. Inji yana aiki a shaƙe, fulogi na baƙi, gawayi na taruwa a kan fistin da zobba, zafi na ƙaruwa, mai na tafiya ba tare da nisa ba. Wata rana a tsakiyar ruwa sai ya kama. Taku kaɗan kuma yana sa inji ya yi ta ihu ya wuce 5,500, ƙara da yawa tafiya kaɗan, boris na cinyewa.

Yadda Masta ya ce a yi awon ma akwai tsari. A tabbatar injin lafiyarsa lau tukuna, domin inji mara lafiya zai ba da lambar ƙarya. A kankare ƙasan jirgi idan ya tara gansakuka da ƙananan katantanwa. A ɗora nauyin da aka saba, a bar inji ya ɗumama, a samu ruwa mai kwanciya, a buɗe wuta har lambar ta daina hawa, sannan a juyo a maimaita ta ɗaya ɓangaren saboda iska da igiyar ruwa. Wanda ya auna jirgi wayam ya zaɓi farfela a kan haka, ranar lodi zai gane kurensa.

Ba kowane ihun inji ne laifin taku ba, kuma a nan ne gaskiyar shagonku ta fi fitowa, don kuna iya yin shiru ku sayar. Idan juyi ya hau kwatsam jirgi bai ƙara gudu ba, ko dai robar cikin cibiyar farfela ta saki, ko farfelar na jawo iska daga sama. Gwajin roba mai sauƙi ne: a ja layi ɗaya da fenti daga cibiya zuwa jikin farfela, a yi tafiya, in layin ya rabu biyu roba ta mutu. Jan iska kuwa yawanci daga wurin ɗaura inji ne, musamman kwale-kwalenmu da ake rataya inji a gefe. In farantin da ke saman farfela ya ɗago daga ruwa, sai a sauke mazaunin. Ga masu aiki a Volta, inda kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun bayan gina madatsar Akosombo ke jira a ƙasa, ya ba da shawarar alminiyom maimakon ƙarfe mara tsatsa: gara fiffike ya lanƙwashe da a ce sandar giya ta karye. Kuma a riƙa tafiya da farfela ta ajiya, da noti, da washa, da fil.

Sauran hidima, rasit da musanya idan farfela ba ta ƙarzu ba, duk an yi yadda ya kamata. Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi, ya ja zamanin Masta.

Abin da ya rage mai ciwo shi ne halin sauran wurare. Ana sayar da farfelar da aka yi wa walda aka shafe da fenti a matsayin sabuwa, fikafikanta ba su daidaita ba, tana girgiza har ta cinye sil. Akwai ta jabu wadda lambar jikinta dabam, ainihin takunta dabam. Wasu fitoci kan manta washar baya wadda ke hana farfela gugar gidan giya, ba sa shafa giris a sanda, kuma a wurin fil sai su lanƙwasa ƙusar kafinta. Ba sa ma duba zaren raga da ke naɗewa bayan washar nan, wanda shi ke yanka sil har ruwa ya shiga man giya ya koma fari kamar madara. Duba wannan aikin minti biyar ne idan an riga an cire farfela, amma sai ka tsaya a kansu ka roƙa kafin su yi.

Naku,
Wani mai kwale-kwale, Nima, Accra