Jan hankali ga 'yan kasuwar da suka bar wa manhaja tallarsu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarku domin in ja hankalin 'yan uwana ƙananan 'yan kasuwa, musamman na nan Jos, game da wata ɗabi'a da ke ƙara yaɗuwa, wato haɗa shafukan sada zumunta wuri guda ta yadda talla ɗaya za ta fita a Facebook da Instagram da X lokaci guda, ba tare da mai kaya ya sake taɓa wayarsa ba.

Ba na musun amfanin wannan tsari. Kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya samar da manhajar Meta Business Suite kyauta, inda mutum zai shirya tallar mako guda a zama ɗaya, ya sanya wa kowacce rana da lokaci, kuma akwai irin su Buffer da Hootsuite masu haɗa shafukan kamfanoni daban-daban. Ga matar da ke sayar da turaren wuta ko atamfa daga ɗakinta, tana fama da girki da yara da tsadar data, wannan sauƙi ne babba. Haka kuma waɗanda suka dogara da Twitter (wato X a yanzu) kaɗai sun ji jiki lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da shi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, don haka raba ƙafa ba laifi ba ne.

Abin da ke damuna shi ne da yawa sun ɗauka cewa da zarar talla ta fita, aiki ya ƙare. Ka duba ƙarƙashin hotunan kayan da ake sakawa, za ka tarar da tambayoyi jere: "Nawa ne?", "Kuna kawowa Bukuru?", "Akwai ja?", kwana da kwanaki babu wanda ya tanka. Tamkar mutum ne ya kama rumfa a kasuwa huɗu, ya kasa kaya a kowacce, sannan ya yi tafiyarsa. Mai tambaya ba zai jira ba, zai wuce wajen wanda ke amsawa, kuma wani lokacin wanda ke amsawar ɗan damfara ne da ya buɗe shafi mai kama da na mai kayan, ya tura lambar asusunsa, ya karɓi kuɗin bayin Allah, sunan mai kaya na gaskiya kuma ya ɓaci a banza.

Batun farashi ma abin dubawa ne. Duk wanda ya san kasuwar Farin Gada ya san kuɗin kwandon tumatir ko buhun kabeji na iya sauyawa tsakanin safiya da yamma, gwargwadon yawan motocin da suka sauke kaya. Idan mai aika kayan gwari zuwa Abuja ya tsara tallarsa ranar Lahadi, manhaja ta saki tsohon farashi ranar Alhamis, mai saye zai kira da wancan farashin a bakinsa, kuma duk bayanin da za a yi masa zai ɗauka an yi masa wayo ne.

Su kansu shafukan ba halinsu ɗaya ba. Adireshin intanet da aka rubuta a ƙarƙashin hoto a Instagram ba ya buɗewa idan an taɓa shi, X kuma ba ya barin wanda bai biya kuɗi ba ya wuce haruffa 280, sannan tun 2021 Instagram ya bayyana cewa zai rage yaɗa bidiyon da ke ɗauke da tambarin wata manhaja irin TikTok.

Amma abin da ya fi ci mini rai, Malam Edita, shi ne rashin sanin lokaci. Mu mazauna Jos mun san ranakun da gari ke rikicewa, a sanya dokar hana fita, kowa ya riƙe waya yana neman labarin ɗan uwansa. A irin wannan rana ce za ka ga tallar takalma ta faɗo da kiɗa da albishir na garaɓasa, a tsakanin sanarwar rasuwa da ta jana'iza. Mai shagon bai yi da gangan ba, tun makon jiya ya tsara ta, amma wanda ke cikin makoki ba zai nemi jin wannan uzuri ba, kuma da wuya ya manta.

Amsar da WhatsApp Business ke turawa da kanta tana da amfani idan ta faɗi gaskiya, ta gaya wa mutum lokacin da za a waiwaye shi, kuma aka cika alkawari. Sai dai cinikinmu da gaisuwa yake farawa, mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a ja a sassauta har a sallama, kuma a nan ne ake ƙulla amanar da ke dawo da mutum gobe tare da maƙwabcinsa.

Shawarata ita ce ɗan kasuwa ya tsaya a shafukan da zai iya kula da su ko da biyu ne, ya ware lokaci bayan Azahar da bayan Isha'i don amsa tambayoyi, ya rubuta farashi a fili tare da ranar da aka sanya shi. Ina kuma roƙon shafinku na kasuwanci ya yi wa masu karatu bayani da Hausa, dalla-dalla, kan yadda ake dakatar da tallar da aka riga aka tsara idan wani abu ya taso a gari.

Naku mai bibiyar jaridarku,
daga Anguwan Rogo, Jos.