Wasiƙa Zuwa Ga Abokina Mai Neman Gidan Horon MMA

Abokina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali gaba ɗaya. Saƙonka ya iso, kuma na yi murna da jin cewa da gaske kake kan maganar nan ta MMA, wato wasan faɗan da ake haɗa dambe, shuri da kokawa, ba zafin kallon talabijin ba ne kawai. Ka ce gidajen horo uku ne kusa da kai: na karate, na damben zamani (boxing), da wani da ya rubuta MMA ɓaro-ɓaro a allonsa, kana so in zaɓa maka. Zaɓi dai naka ne, tunda kai za ka sha naushin, amma zan gaya maka abin da zan duba in ni ne.

Ka manta da allon ƙofa tukuna. Kowa na iya sa a rubuta masa haruffa uku. Abin da za ka je ka gani da idonka shi ne: a gidan nan, ana gwada abin da aka koya a kan mutumin da ya ƙi ba da haɗin kai? Akwai gidajen da ɗalibi zai kawo naushi a hankali, ya bar hannunsa a miƙe, ya tsaya ƙiƙam yana jiran ɗan'uwansa ya yi masa dabaru huɗu ko biyar a jere. Abin na da kyan kallo, amma a cikin keji, wato fagen da aka kewaye da raga inda ake karawar MMA, babu mai bar maka hannunsa. Dambe, kokawa, judo, sambo na Rasha, damben Tailan da ake kira Muay Thai, da jujitsun Barazil, abin da ya haɗa su ɗaya ne: kullum sai ka gwada dabararka a kan wanda yake ƙoƙarin hana ka, kuma yake neman yi maka irinta. Shi ya sa mafi yawan zakarun MMA daga cikinsu suka fito.

An daɗe da gane haka. A gasar farko ta UFC, kamfanin da ya fi shahara wajen shirya gasar MMA, a birnin Denver na Amurka cikin Nuwamban 1993, Royce Gracie, ɗan jujitsu da bai cika ido ba in aka jera shi da sauran, ya kara da mutum uku a dare ɗaya, dukansu suka miƙa wuya. Na farkonsu, Art Jimmerson, ɗan dambe ne da ya shigo da safar dambe a hannu ɗaya tak. Ana kai shi ƙasa ya rasa abin yi. A 2010 aka sake ganin irin haka, lokacin da James Toney, wanda ya riƙe kambun duniya a dambe, ya shiga keji da Randy Couture, tsohon ɗan kokawa. Couture ya kama ƙafarsa ya kayar da shi, ya shaƙe shi tun a turmin farko. Amma kada ka ɗauka kokawa ce komai da komai. A 1997 Maurice Smith, wanda ya fito daga damben da ake haɗawa da shuri, ya koyi yadda zai kare kansa in an danne shi, ya jure wa Mark Coleman har ya gajiyar da shi, ya ƙwace kambun ajin masu nauyi. Darasin dai shi ne, fasaha ɗaya ba ta isa ba: sai ka iya faɗa a tsaye, ka iya riƙon jiki da jiki, ka kuma iya na ƙasa.

To, gidan nan mai allon MMA, ka tambayi kocin kai tsaye: su wa ka taɓa kaiwa gasa, a ina, kuma yaya suka ƙare? Ba sai ya fitar da zakaran duniya ba. Ya isa a ce yana da yara biyu ko uku da suke fita gasar 'yan koyo, yana tsaya musu a kusurwa, ya san yadda ake nema musu abokin karawa daidai da su. Kocin kirki ba ya jin haushin irin wannan tambaya, zai ma ɗauko waya ya nuna maka bidiyo. Wanda ya fara ba ka labarin cewa dabarunsa sun yi haɗari da yawa shi ya sa ba ya shiga gasa, ka yi masa godiya ka kama gabanka. Haka nan ka dubi jadawalinsu. Wasu gidajen motsa jiki ne kawai, ana dukan buhu da kiɗa don rage ƙiba. Ba laifi ba ne, amma ba shi kake nema ba. Kana son ka ga ajin tsaye daban, ajin kokawa da na ƙasa daban, sannan ranar da ake haɗa su, har da aiki a jikin bango ko keji, domin kaso mai yawa na faɗan MMA a nan ake yin sa, wani ya matse wani yana neman ƙafarsa.

Inda nake so ka fi zuba ido shi ne ranar gwaji, wato ranar da ɗalibai ke karawa da juna. Ka nemi izini ka zauna gefe ka yi kallo. Gidan da babu gwaji sam ba zai kai ka ko'ina ba, amma gidan da kowane gwaji ya zama yaƙi ya fi shi illa. Ka duba ko kocin yana tsaye yana kallo, ko kuwa yana can yana latsa waya. Ka duba wanda ake haɗa sabon zuwa da shi: tsohon hannu mai sassauta masa, ko wani mai neman wanda zai huce a kai. Ka duba in mutum ya buga hannu alamar ya miƙa wuya, ana sakin sa nan take, ko sai an ƙara murɗawa don a nuna masa. Ka duba kayan kariya: robar haƙori, abin kare ƙwauri, da manyan safuna masu nauyin oza 14 ko 16 a lokacin gwajin naushi, ba ƙananan nan na oza 4 da ake gasa da su ba. In ka ga an buge wani har ya yi layi, aka ba shi ruwa aka ce ya koma ciki, kada ka sake taka gidan. Girgizar ƙwaƙwalwa ba gocewar ƙashi ba ce da za a ɗaure ta warke. Dukan kai taruwa yake yi, kuma yawancinsa a wurin horo ake shan sa, ba a ranar gasa ba. Wanda ya ji jiri, ko amai, ko ciwon kai bayan duka, wurin likita ya kamata ya nufa. Kai da kake da aiki da iyali, wannan ba abin wasa ba ne.

Ka kuma sunkuya ka dubi shimfiɗar da ake kokawa a kai. Ana goge ta kullum? Ana hawa da takalmi? Makero da ƙurajen fata suna yaɗuwa a gidan da ba a kula, su kuma zaunar da mutum makonni.

Yanzu a ce gidan MMA ɗin bai ci jarrabawa ba, saura na dambe da na karate. Ni dai damben zan ce maka, muddin ana gwaji a cikinsa da hankali, domin zai koya maka tazara, da aikin ƙafa, da yadda ba za ka rufe ido ba in naushi ya taho. Sai dai ka riƙe a ranka cewa akwai gyara a gaba. Ɗan dambe yana ba da gefe, ƙafar gaba a waje, ita kuwa ake shura kuma ita ake kamawa a MMA. Sannan ɓuya a bayan manyan safuna ba ya aiki in safar ta zama ƙarama. Kowace fasaha ma da irin nata gyaran. Ɗan Muay Thai yana tsayawa a miƙe, ga sauƙin kayarwa. Ɗan jujitsun da ya saba da riƙon riga zai tarar babu rigar, kuma kwanciya da baya da yake yi da son ransa tana jawo masa ruwan naushi. Judo kuwa, tun 2010 hukumarta ta duniya ta fara hana kama ƙafa, don haka ɗan judo na yanzu sai ya koyi wannan daga baya. Karaten ma ban raina shi ba. Lyoto Machida da shi ya ci kambun UFC a 2009, Georges St-Pierre ma da karate ya fara tun yana yaro. Amma dukansu sai da suka haɗa da faɗan ƙasa, kuma sun saba da gwaji na gaske. In karaten unguwarku jerin motsi ne a iska da jarrabawar ɗamara duk bayan wata biyu, bar shi.

Abin da ban gani a jerinka ba shi ne kokawa, kuma da zan roƙe ka abu ɗaya, da na ce ka bincika ko akwai kulob ɗin kokawa, ko judo, ko jujitsu a wata makaranta ko filin wasa kusa da kai. Irin waɗannan ba su cika yin talla ba. Ɗan kokawa shi ke yanke inda za a yi faɗan, a tsaye ko a ƙasa. Da wannan Khabib Nurmagomedov ya yi faɗa 29 ba a doke shi ba har ya yi ritaya a 2020, da ita kuma Kamaru Usman, wanda ya yi kokawa a jami'a a Amurka, ya karɓi kambu a 2019. Ita ce kuma ta fi wuyar koyo in shekaru sun ja, saboda jiki take ci. Dambe kwana biyu a mako, kokawa ko jujitsu kwana biyu, wannan ya fi maka gidan MMA na bogi nesa ba kusa ba.

Maganar da ka yi ta ko shekarunka sun ja, kada ta dame ka ƙwarai. Francis Ngannou sai da ya haura ashirin da biyar kafin ya fara horon MMA a Faransa, ya yi faɗansa na farko a 2013, ya ci kambun masu nauyi a 2021. Ba na ce kowa Ngannou ba ne, irinsa ɗaya ne a cikin dubu. Amma shiga gasar 'yan koyo, inda turmi yawanci minti uku ne maimakon biyar na ƙwararru, ba ta fi ƙarfinka ba in ka ba ta shekara ɗaya ko biyu.

Nisa kuma ka sa shi a lissafi. Gida mai matsakaicin kyau da za ka iya zuwa sau huɗu a mako bayan tashi daga aiki ya fi shahararren da sai ka ci awa biyu a hanya, domin wata uku za ka yi ka gaji ka daina. Kada ka sa hannu a yarjejeniyar shekara guda a ranar farko, komai rangwamen da aka yi maka. Ka nemi ajin gwaji, ko ka biya na wata ɗaya. Kocin da ya fara yi maka maganar shiga gasa cikin wata biyu, ko ya ce ka ƙaurace wa ruwa don ka sauka ajin nauyi tun ba ka iya tsayuwa ba, kansa yake so, ba kai ba.

Ka zaga duka ukun a makon nan, ka fi mai da hankali ga ranar gwajinsu, sannan ka rubuto mini abin da ka gani, musamman yadda suka yi da sabon zuwa mafi rauni a ajin. Ka sayi robar haƙori tun kafin ka je. Ka gaida mini mutanen gida da yara.

Naka har kullum,
Abokinka