Yaron da ya cika shekara, a sauke masa fida a miƙa masa kofi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida in yi magana da iyaye 'yan'uwana a kan abin da ban cika ganin an taɓo shi a shafin lafiya ba, wato raba yaro da bulumboti (fida) da madarar gwangwani. Ana yawan rubutu a kan shayar da nonon uwa zalla har wata shida, kuma hakan ya dace. To amma akwai yaron da ya taso da fida, ko don mahaifiyarsa ta koma bakin aiki, ko don nono bai wadata ba, ko don Allah Ya yi mata rasuwa. Masu riƙon wannan yaro ba mai gaya musu yaushe za a tsaya, ko me za a koma ba shi. Sai a yi ta tafiya a haka har ya shekara uku yana yawo da fida a baki.

Ina da gidan raino a nan Kaduna, inda mata ma'aikata ke ajiye yaransu da safe su ɗauka da yamma. Kafin nan na yi aiki a ƙaramin asibiti, ɓangaren awo da rigakafi. Jakar kowane yaro ta hannuna take bi, don haka abin da zan faɗa da idona nake ganinsa. Za ka buɗe jakar ɗan shekara biyu da rabi ka tarar da fida cike da shayi da sukari, wani lokaci da garin cakulan. An sa reza an faɗaɗa hudar robar bakin domin koko ya riƙa wucewa. In ka kwance murfin ka duba cikin zaren da ake murɗawa, sai ka ga wani abu rawaya-rawaya ya daskare, yana warin tsami, alhali uwar ta wanke fidar da sabulu da safen nan. Ba ƙazanta ce ta yi mata yawa ba. Fida ce ke da lungunan da soso ba ya kaiwa, sai da buroshi da tafasawa kullum, kuma wace ce ke da gas ko gawayin tafasa fida sau huɗu a yini a wannan zamani? A zafin watan Maris da Afrilu madarar da ta yi awa biyu a jaka ta riga ta zama abin zubarwa. Daga nan sai gudawa, a ce haƙori ne yake fitarwa.

Haƙoran su ne suka fi tsaya mini a rai. Yaron da ake kwantarwa da fida a baki, madara ko shayin na kwana a kan haƙoransa na sama, ga shi yawu na raguwa in ana barci. Da fari wani farin layi ne ke fitowa a gindin haƙori kusa da dasashi, ba mai kula da shi. Sai ya koma ruwan ƙasa, sai haƙorin ya fara gutsurewa, har a wayi gari haƙoran gaba huɗu sun zama kututture baƙi. Iyaye kan ce mini ai haƙoran nono ne, za su zube. Na gaban sai wajen shekara shida suke famfara, turame kuwa suna nan har shekara goma zuwa sha biyu. Duk tsawon wannan lokaci da su yaro zai tauna abinci, da su zai koyi furta harufa a makarantar allo da ta boko. Na riƙe yarinyar da ba ta iya gatsar ƙosai saboda zafi, tana so tana kuka. Ban da haƙori, shan fida a kwance na ƙara jawo ciwon kunne.

Yanzu ga maganar gwangwanin kansa. Duk wanda ya shiga kanti ya ga yadda ake jera su: lamba ɗaya daga haihuwa, lamba biyu daga wata shida, lamba uku daga shekara ɗaya zuwa uku, launi iri ɗaya, zane iri ɗaya. Uwa na gani sai ta ɗauka kamar ajin makaranta ne, dole in an gama wannan a shiga na gaba. Ba haka ba ne. Tun 1986 babban taron lafiya na duniya ya bayyana cewa madarar da ake cewa ta ci gaba, wato ta bayan lamba ɗaya, ba dole ba ce. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sabuwar ƙa'idar ciyar da yara 'yan wata 6 zuwa 23, ta ce yaron da ya cika wata 12 kuma ba ya shan nonon uwa a ba shi madarar dabba, ba ta ba da shawarar ta gwangwani ba. A shekarar ne kuma ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce wannan madara ta 'yan dagwai-dagwai ba ta fi madarar shanu amfani ba, kuma da yawanta an ƙara musu sukari. Yaron da harshensa ya saba da wannan zaƙi shi ne wanda za a miƙa wa faten wake ya kau da kai.

Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗin gwangwani ya tashi ya fi ƙarfin albashin mutane da yawa, amma ba su daina saye ba. Abin da suke yi shi ne tsinka shi: inda aka ce cokali huɗu sai a sa biyu, don gwangwanin ya kai ƙarshen wata. Yaro na shan farin ruwa, cikinsa a cike, jikinsa ba ya gaba. A nan ina kira ga magidanta musamman. Na san akwai daɗi a zuciyar uba in ya shigo gida da gwangwani a leda, yana ganin ya sauke nauyi, kuma niyyarsa kyakkyawa ce. Amma Alhaji, in yaron ya cika shekara, kuɗin gwangwani guda zai sayi ƙwai da kifi da hanta da wake da madara ta gaske da za su fi gina shi nesa ba kusa ba.

Sai dai a kula, ba duk farin abu ne madarar shanu ba. Yawancin garin madarar ƙananan leda da ake sayarwa a shagon unguwa an cire masa man madara an mayar da man tsirrai, galibi na kwakwar manja, shi ya sa yake da araha. An rubuta hakan a jikin ledar da Turanci, da ƙananan haruffa, wanda bai iya karantawa ba ya sa a karanta masa. Akwai mai kauri mai danƙo wadda rabinta kusan sukari ne, akwai kuma garin da aka yi don farinta shayi kawai. Waɗannan biyun na ƙarshe ba abincin yaro ba ne ko kaɗan. Ɗan ƙasa da shekara biyu madara mai cikakken mai yake buƙata, domin ƙwaƙwalwarsa na kan girma. Ko a wajen matan Fulani da ke shigo mana da ƙwarya akwai bambanci. Nonon da aka kaɗe aka kwashe mansa, wani ma an ƙara masa ruwa, bai kai kindirmo ba. Wadda ta samu ɗanyar madara daga ruga ta yi sa'a, amma ta ɗora ta a wuta ta tafasa sosai kafin ta kai bakin yaro, saboda tarin fuka na shanu da ciwon da makiyaya ke kira bakkale duk ta ɗanyar madara suke kama mutum. Kindirmo ma a saya wurin wadda aka san tana dafa madararta kafin ta kwantar.

Yawan da za a ba shi bai kamata ya wuce kimanin rabin lita a yini ba, wato cikin ledar fiya wata guda, a raba shi biyu ko uku. Madarar shanu ba ta da sinadarin ƙarfe mai gina jini sai ɗan kaɗan. Yaron da ya cika ciki da ita ba zai ci abincin da ke da shi ba, sai ka gan shi ɓul-ɓul amma in ka ja fatar idonsa ta ƙasa fari fat. Shayi na ƙara dagula lamarin, don yana hana jiki tsotsar ƙarfen da ke cikin abinci. Lemon zaƙi da gwaba da mangwaro kuwa taimakawa suke. Wannan na cikin amfanin kofi da ba a lura da shi: da fida yaro kan zuƙe abin da ya fi ƙarfin cikinsa yana kwance yana wasa da ƙafa, da kofi kuwa yana ƙoshi yake turewa.

Ga yadda muke yi a wurinmu. Ƙaramin kofi buɗaɗɗe muke amfani da shi, mu zuba ruwa ɗan kaɗan a gindinsa, yadda in ya zube ba asara. Tun yaro na wata shida ana iya fara ɗora masa a leɓe yana kurɓa. Zai jiƙa riga, zai tsoma hannu, zai kife shi a ka, duk cikin koyo ne. Kofin nan mai murfi da ɗan baki wanda sai an tsotsa yake fitowa ban cika son sa ba, domin tsotson dai ake ci gaba da yi, ga shi shi ma da wuyar wankewa. In lokacin sauke fida ya yi, ta rana muke fara cirewa, lokacin da hankalinsa ke kan wasa da sauran yara. Bayan 'yan kwanaki a cire ta safe. Ta dare ita ce ta ƙarshe, kuma ita ce mai wuya, don ba yunwa ce ke sa ya neme ta ba, lallashi yake nema. Sai a ba shi madararsa a kofi tun kafin barci, a goge masa haƙora, a goya shi ko a rungume shi, a yi masa waƙa, a tofa masa addu'a. In ya kafe sai fida, a zuba ruwa zalla a ciki. Yawancinsu da kansu suke jefar da ita in sun ga ba daɗi a ciki. Wanda ya ƙi ɗanɗanon madarar shanu, a riƙa gauraya ta da wadda ya saba, ana rage ta gwangwanin a hankali, ko a zuba masa a kunun gyaɗa, ko a ba shi kindirmo da cokali. Ko ya yi kwanaki yana ƙin madara ba abin tashin hankali ba ne muddin yana cin abinci yana shan ruwa. Abin so a gama da fida tsakanin shekara ɗaya da shekara ɗaya da rabi, don in ya wuce nan ya yi wayo, rabuwar ta fi zafi.

Abin da ya fi ɓata aikin shi ne rashin haɗin baki a gida. Uwa ta ɓoye fida, kaka ta ji kuka ta ce a ba shi kayansa, 'yar aiki ta ɗauko a ɓoye don ta samu ta yi barci. Ina girmama iyayenmu kakanni, tausayi ne ke sa su, amma a zauna da Hajiya tun kafin a fara, a nuna mata haƙoran yaron, a nemi goyon bayanta. Kada kuma a fara lokacin da yaro ba shi da lafiya, ko ana shirin tafiya, ko a makon da aka yi masa ƙani. Al'adarmu ta yayen dare ɗaya, a kwashi yaro a kai shi wani gida ya yi ta kuka har ya haƙura, ban ga dalilin ɗora ta a kan fida ba. Yaron da aka raba da abin da ya saba a kuma raba shi da uwarsa a rana guda, sau da yawa yaji yake yi wa abinci, ya dawo a rame.

Wadda ke shayar da nononta, wannan wasiƙa ba kira ba ce gare ta ta yi gaggawar yaye. Alƙur'ani ya ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa, likitoci ma shekara biyu ko fiye suke cewa. Ta ci gaba, ta haɗa da abincin gida da ruwa a kofi, ba ta da buƙatar fida ko gwangwani sam. Yaron da kuma madarar shanu ke sa wa ƙuraje ko amai ko jini a bayan gida, da wanda ke fama da tamowa, da wanda likita ya ɗora a kan wata madara ta musamman, asibiti za a koma a bi abin da aka ce.

Roƙona biyu ne. Nijeriya na da dokar taƙaita tallan madarar jarirai tun 1990, bisa ƙa'idar duniya ta 1981, kuma a 2016 an fayyace cewa madarar da ake tallatawa don yara har zuwa shekara uku tana cikin abin da ƙa'idar ta shafa. Ina roƙon hukumar NAFDAC ta sa ido a kan tallan da ke shigo wa iyaye mata ta waya, ta kuma sa a riƙa rubuta wa mutane da Hausa, da manyan haruffa, wace leda ce madara mai cikakken mai, wace ce aka sauya wa mai. Su kuma abokan aikina na da a asibiti, ranar da uwa ta kawo yaro allurar ƙyanda ta wata tara, ku ɗauki minti biyu ku tambaye ta ko yana shan fida, ku gaya mata ta fara koya masa kofi tun daga ranar, ku sake tuna mata in ta dawo allurar wata goma sha biyar.

Na gode da ba ni wannan fili.

Daga wata mai gidan raino,
Kaduna.