Rahoton Ayyukan Shekara: Akwatin Jin Ra'ayin Jama'a da Batun Kuɗin Wata

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi. Tarurrukan wata-wata sun gudana yadda aka saba, da fuskokin nan dai da kuka sani.

Babban aikin bana shi ne akwatin jin ra'ayi da muka yi alkawarin ƙerawa don baje kolin da ƙungiya ke shiga, tunda littafin sharhin da muke ajiyewa a bakin ƙofa sai ya wuni ba a taɓa shi ba. Kwamitin fasaha ya kwaikwayi na'urorin kamfanin HappyOrNot na ƙasar Finland, masu maɓallai huɗu daga fuskar murmushi zuwa ta ɓacin rai, irin waɗanda ake gani a filayen jirgin sama. Namu na katako ne. A cikinsa akwai allon Arduino Uno, wato 'yar ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa akwatin, da katin SD inda ake adana kowace dannawa, da ɗan agogo DS3231, domin Uno ba ya riƙe lokaci da kansa. Da an ɗauke masa wuta ya manta ƙarfe nawa.

Aikin ya ci dare da yawa. Maɓalli idan aka danna shi sau ɗaya, ƙarafunan ciki kan yi rawa har allon ya ƙirga sau da dama, sai da aka sa masa jinkirin milisakan 50. Batirin cajin waya da muka fara haɗa masa kuwa yana kashe kansa, saboda akwatin ba ya jan wutar da za ta sa ya gane ana amfani da shi, dole aka sauya.

Amma ranar baje kolin, alhamdulillahi, akwatin ya fitar da mu kunya! Daga buɗe ƙofa har tashi bai tsaya ba. Mutanen da ba za su taɓa ɗaukar biro ba sun danna sun wuce, wasu har dawowa suke su ga fitilar da ke jikinsa ta sake haske. Yara sun yi masa caa suna ta buga jan maɓalli, wato na ɓacin rai, sai dai kwamiti ya riga ya hango haka: bayan kowace dannawa akwatin kan rufe na 'yan daƙiƙoƙi, don haka wasansu bai ɓata lissafi ba. Wani dattijo ya tsaya ya sa aka buɗe masa murfin, ya duba wayoyin ɗaya bayan ɗaya, yana tambaya ko da gaske mu muka haɗa. Da muka zuba bayanan a kwamfuta, mun ga jan maɓalli ya fi yawa a lokutan da babu mai yi wa baƙi bayani a teburinmu. Amfanin agogon ke nan, kuma baɗi dole a raba lokutan tsayuwa a rubuce.

Masu tambayar ina akwati na biyu, da samfuri mai ESP32 (allo irin Uno amma mai iya hawa intanet) da zai riƙa turo sakamako ta intanet, amsar tana aljihunsu. Zanen yana nan, jerin kayan yana nan, kuɗin saya ne babu. Ko na farkon ma, 'yan kwamiti ne suka cike giɓi daga aljihunsu, har yau ba a mayar musu ba. Ba a fafe gora ranar tafiya; ba za a kawo kuɗi ana saura mako ɗaya a ce aiki ya fito ba.

Wallahi na gaji da bin manya ina roƙon kuɗin wata. Akwai waɗanda ba mu gani a taro ko a wurin aiki ba duk shekara, amma ranar ɗaukar hoto da akwatin suna sahun gaba. A taron farko na sabuwar shekara ma'aji zai karanta sunayen masu bashi, sannan a zaɓi wanda zai karɓi aikin tara kuɗin daga hannuna.

Sakataren ƙungiya