A Dakata da Sayar da Filin Tukuna

Columbus, Ohio
27 ga Mayu, 2025

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Yaya zafi? Na san yanzu ido yana gabas, kowa na jiran hadari. Allah Ya saukar da damina mai albarka.

Na zauna na rubuto maka ne saboda maganar ta fi ƙarfin saƙon murya a WhatsApp. Filina na Ɗanbare da na ce ka nemo mai saye, don Allah a dakata. Ka ba dillalin haƙuri, in ya riga ya yi zirga-zirga ka sallame shi da kuɗin mai, zan turo maka. Na san na ɗaga maka hankali a watan jiya da cewa a yi gaggawa don in haɗa kuɗin sayen gida a nan Amurka, don haka haƙƙinka ne ka ji dalilin da ya sa na janye.

A ƙasar nan kasuwar gida tana da lokacinta, kamar yadda hatsi yake da kaka. Duk tsawon hunturu kasuwar a kwance take, babu mai son kwasar kaya cikin dusar ƙanƙara. Da Maris ya kama sai ta fara motsi, kafin Mayu da Yuni ta cika ta batse. Makarantu suna rufewa ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, su buɗe a ƙarshen Agusta, kuma makarantar gwamnati da ɗanka zai shiga unguwarku ce take yanke ta. To mai iyali yana so ya saya yanzu, a gama takardu cikin wata guda ko ɗaya da rabi, ya tare kafin a koma karatu. Mai sayarwa shi ma ya san haka. Ya san kuma gidansa bai taɓa yin kyau kamar a wannan watan ba: ciyawa ta yi kore shar, itatuwa sun rufe, furanni sun buɗe a bakin ƙofa. A layinmu kaɗai alluna huɗu aka kafa cikin sati uku, biyu har an manna musu takardar an sayar.

Wannan zazzaɓin ne ya kama mu. Uwargida ta ga wani gida a Zillow, shafin tallan gidaje na intanet, a Reynoldsburg, gabas da gari. Ɗaki uku, gareji, da fili a baya wanda aka zagaye da katako. An saka shi kasuwa ranar Alhamis a kan dala 315,000. Ranar Asabar aka buɗe shi ga masu kallo na awa biyu. Da muka isa sai da muka ajiye mota a layi na gaba, takalma kuwa a bakin ƙofa kamar masallacin Juma'a. An gasa wani abu mai ƙamshi a kicin, an kunna kowace fitila da rana tsaka. Ƙaramar 'yarmu ta haye sama da gudu ta zaɓi ɗakinta, har ta nuna min inda za ta sa gadonta, kusa da taga. Ni kuma na sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa, na ji warin danshi, na ga wani farin layi a jikin bango kamar tsawon tafin hannu daga ƙasa, alamar ruwa ya taɓa kwanciya. Na gani sarai, amma zuciyata ta riga ta tafi.

Ga abin da zai ba ka mamaki. A wajenmu mai kaya ya faɗi kuɗi, ka taya ƙasa, ya ce albarka, ku yi ta ja har ya sallama. A nan, a wannan lokacin, kuɗin da aka rubuta shi ne mafarin magana, sama ake tayawa. Kowa ya rubuta tayinsa a ɓoye, ba ka san na wani ba, aka ce a miƙa kafin ƙarfe 6 na yammacin Lahadi. Muka ƙara dala 7,000, muka yi alkawarin kafin alƙalami. Dillaliyarmu ta ce in muna so mu yi ƙarfi, mu yafe binciken gida, wato mu saya ba tare da masani ya duba rufi da wayoyi da harsashin gini ba. Nan na tsaya. Na ce ba zan zuba gumin shekara goma sha ɗaya a kan bangon da na ga shaidar ruwa a jikinsa ba, ido rufe. Daren Litinin aka kira mu: wani ya ɗauka da kuɗi hannu, ya kuma yafe binciken. Yarinyar nan ta yi kuka har barci ya ɗauke ta. Abin ya taɓa ni ƙwarai, ban ɓoye maka ba.

Bayan kwana biyu na zauna da takarda da biro na yi lissafin da ya kamata in yi tun farko. A Janairun 2021 kuɗin ruwan bashin gida na shekara 30 ya sauka zuwa kashi 2.65 cikin 100, mafi ƙanƙanta da aka taɓa gani. Daga Maris 2022 babban bankin Amurka ya shiga ɗaga kuɗin ruwa don ya kashe hauhawar farashi, zuwa Oktoban 2023 na gida ya kai 7.79. Yanzu yana dab da 7. Wanda ya ci bashin dala 300,000 a kan kashi 3 yana biyan kamar 1,265 a wata. A kan kashi 7, bashin nan dai, kusan 2,000 ne, ban da haraji da inshora. Shi ya sa wanda ya kama mai araha ya ƙi sakin gidansa, don in ya sayar zai sake sabon bashi mai tsada. A 2024 gidajen hannu da aka sayar a duk ƙasar miliyan 4 ne da 'yan kai, rabon da a ga ƙarancin haka tun 1995. Columbus kuma mutane ƙaruwa suke yi, balle tun da kamfanin Intel mai ƙera kayan kwamfuta ya sanar a 2022 zai kafa masana'antar dala biliyan 20 a nan kusa. Da hukumar gundumar Franklin ta sake kimanta gidaje a 2023, darajarsu ta tashi da fiye da kashi 40, harajin mutane da yawa ya bi baya.

Ka san kuma matsayina a kan riba, bai canja ba. Akwai kamfanoni irin su Guidance Residential da UIF da suke yin tsarin musharaka: ku haɗa kuɗi ku sayi gidan tare, kana biyan hayar kasonsu, kana kuma sayen kason kaɗan-kaɗan har ya zama naka. Malamai sun yi magana a kai, wasu sun halatta, wasu sun ce sai don larura. Ni hankalina ya fi kwanciya da shi, sai dai abin da za ka riƙa biya a wata yana tafiya ne da farashin kasuwa, ba wani sauƙi a aljihu. Ko na sayar da filin Ɗanbare, in aka juya nairar zuwa dala ba za ta rufe ko rabin kuɗin farko ba. Sai in rasa na gida, in kuma shiga na waje da ƙafa ɗaya.

Wani dattijo ɗan Zangon Kumasi da muke sallah tare, wanda ya fi shekara ashirin a garin nan, shi ya ƙarasa kwantar min da hankali. Ya ce nasa gidan a Nuwamba ya saya. Lokacin masu yara sun riga sun zauna, gidan da bai fita a bazara ba, ya riga ya kwana biyu a kasuwa, mai shi ya gaji, zai saurari tayi na ƙasa, zai yarda a yi bincike. Zaɓi yana raguwa, gaskiya ne, amma ka ga gidan a ainihin kamanninsa: ganye ya zube, rufi a fili, ka ji inda sanyi yake shigowa. Wannan shawarar na ɗauka. Mun sabunta haya, za mu ci gaba da tari, mu sake fita Oktoba in Allah Ya kai mu.

Zaman gidan hayar ma a wannan watan ba laifi. Rana ba ta faɗuwa sai kusan ƙarfe 9, isha'i ta wuce 10, asuba kuma kafin 5, don haka barcin ya ragu. Mun cire ledar da muka toshe tagogi da ita, mun naɗe manyan riguna mun sa a akwati. Ciyawa tana son aski kowane sati, in ka bar ta ta yi tsawo hukumar gari za ta aiko maka da takarda. A nan sai tsakiyar Mayu ake yarda da ƙasa, don sanyin dare yana iya ƙona shuka. Uwargida ta jera bokitai tara a bayan gida: tumatir, attaruhu, alayyahu, da irin yakuwa da kuɓewar da ka aiko bara. Kuɓewar ta tsiro ranar Juma'a, ganye biyu-biyu, ta kira ni daga wajen aiki don kawai ta faɗa min. Kowace Laraba da tsakar rana ana gwada jiniyar guguwa, yara har sun saba. Jiya hutun tunawa da sojojinsu ne, duk unguwa hayaƙin gashi, mu ma muka yi tsire da ƙulin da ya rage.

Sallah ta matso. Zan turo kuɗin ragon Hajiya cikin satin nan, ka taimaka ka zaɓa da kanka, kada ka aiki yaro. In ka samu sarari ka leƙa filin kafin ruwa ya zauna, ka duba ko duwatsun iyaka suna nan. In da hali a zuba bulo ko layi uku ne a zagaye shi, ka faɗa min abin da magini ya ce.

Ka gaida Hajiya, ka ce ta sa mu a addu'a. Uwargida tana gaida maiɗakinka.

Wassalam,
Amininka