A rubuta wa ɗalibai dokar amfani da AI, a daina kama su a duhu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarku in yi magana kan wannan ƙirƙirarriyar basira (AI) da ta shigo manyan makarantunmu, wato su ChatGPT da Gemini da Meta AI ɗin nan da muka wayi gari muka gan shi cikin WhatsApp ba wanda ya gayyato shi. Ni ba malami ba ne, shagon kwamfuta gare ni a nan cikin Katsina inda ake taifin da firintin da haɗa furojek, to kusan duk abin da ɗalibi zai miƙa wa lakcara sai ya bi ta hannun irinmu tukuna.

Tun ƙarshen Nuwamban 2022 ChatGPT ya fito, amma har yau in ka tambayi ɗaliban da ke zuwa wurina mi doka ta ce, kowa da tashi amsar. Wannan lakcaran ya ce duk wanda ya taɓa abin sifili ne, wancan ya ce ku yi amfani da shi ai zamani ne, na uku bai ce komai ba sai ranar da sakamako ya fito yaro ya ga kariyoba bai san laifinshi ba.

Ba wai ina kare malalata ba fa, suna nan da yawa wallahi. Akwai wanda zai turo maka asaimen ka buga, a ƙasan shafin ga layin da na'urar ke tambayarshi ko yana so ta ƙara mashi bayani, ko karantawa bai yi ba balle ya goge. Abin da ya fi ban tsoro shi ne jerin littattafan da ake sawa a ƙarshen furojek, za ka ga sunan marubuci da shekara da lambar shafi tsaf-tsaf, ka bincika ka tarar babu littafin a duniya, na'urar ce ta ƙirƙiro shi don ita aikinta jera kalmomin da suka dace da juna, ba tantance gaskiya ba. A Amurka ma a 2023 wata kotu a New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 kan shari'o'in bogi da ChatGPT ya ba su suka miƙa wa alƙali. Lauyoyi ke nan, ina ga ɗan aji biyu.

Inda nake da ja shi ne manhajojin da wai suna gano rubutun AI, waɗanda wasu malamai suka ɗauka kamar wahayi. Wata ɗaliba ta zo da takardunta na hannu, duk gogewa da gyare-gyare da jan biro, a gabana aka buga su harafi bayan harafi, daga baya ta dawo ido ya yi ja wai an saka aikin a na'ura ta ce ba ita ta rubuta ba. Su kansu kamfanin OpenAI da suka yi ChatGPT sun fito da irin wannan manhaja a Janairun 2023, zuwa Yuli suka janye ta don ba ta cika faɗin daidai ba. Masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada irin waɗannan manhajoji da rubutun mutanen da Turanci ba harshen uwarsu ba ne, fiye da rabi aka ce na'ura ce ta rubuta alhali mutane ne. To mu fa? Yaron da ya taso Mani ko Baure Turancin aji ya koya, gajerun jimloli da kalmomin da ya haddace, shi za a fara kamawa, shi kuwa mai wayon da ya iya juya kalmomi ya wuce abinshi. Jami'ar Vanderbilt ta Amurka kashe manhajar da take amfani da ita ta yi a Agustan 2023 saboda irin wannan.

Kuma mu daina yi kamar AI ne ya kawo satar aiki. Kafin shi ai ana ɗauko tsohon furojek a canza Funtua zuwa Malumfashi a sake bango shi ke nan, kowa ya sani.

Roƙona ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da Al-Qalam da ta Dutsin-Ma da Hassan Usman Poli da FCE da makarantun Daura, wadda ta riga ta rubuta dokarta ta fito da ita fili, wadda ba ta yi ba ta yi, kuma kowane lakcara ya faɗa a makon farko na semista abin da ya halatta a kwas ɗinshi. Gyaran Turanci da neman bayanin abin da ba ka gane ba a aji daban, a rubuta maka babi sukutum daban. Wanda ya yi amfani da shi ya rubuta a ƙarshen aiki inda ya yi da yadda ya yi. Manyan jami'o'in Birtaniya 24 sun fitar da nasu ƙa'idojin tun Yulin 2023, UNESCO ma ta fitar a Satumba, to NUC da NBTE da NCCE, hukumomin da ke kula da jami'o'i da poli da kwalejojin ilimi, ba daga sifili za su fara ba.

Sannan in ana zargin ɗalibi a kira shi ya yi bayanin aikinshi da baki, minti biyar ya isa a gane mai abu. Na san aji ya cika, wani lakcaran ɗaruruwa yake koyarwa, to ya riƙa zaɓen goma ko sha biyar ba tare da sun san wa za a kira ba. A riƙa ba da aikin da sai an taka ƙasa, je ka kasuwar Mai'aduwa ka zanta da dillalan dabbobi, je ka madatsar ruwa ta Zobe ka ji daga bakin manoman rani, ka kawo murya da hoto.

Dokar kuma ta hau kan malamai su ma, don mu ke buga handawut, muna ganin wanda aka kwaso daga na'ura ba a ko duba ba aka ce ɗalibai su saya.

Na gode.

Daga mai karanta ku,
Ƙofar Ƙaura, Katsina