Zuwa ga Gwamnan Jihar Tahoua: a killace tsofaffin ramukan haƙar dutse

Mai girma Gwamna, ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ƙasar Adar ƙasar dutse ce, kuma dutsen nan da ake yin siminti da shi ne ya sa sunan Malbaza ya zaga Nijar. Amma ina ake barin ramin idan haƙa ta ƙare? Yawanci juji yake zama, ko wani ya zo da takarda ya ce filinsa ne.

Ina roƙon ka tura ma'aikatan gandun daji su leƙa ramukan nan a ƙarshen damina. Garma ba ta shiga cikinsu, ruwa kuma yana kwanciya a ƙasansu. Shi ya sa gamba, wadda yanzu sai an yi tafiya kafin a samu ta saƙa zana, take tsayawa a can har ta fi mutum tsawo. Kyasuwa na nan, anza da geza sun kama tsagin dutse. Da sassafe za ka ga sawun zomo a kan laka, fakara ta tashi fir daga gindin ciyawa. A wuraren kiwo da yawa kuwa garmani ya cinye fili, ga shi dabba ba ta damu da shi ba.

A Barnack ta Ingila akwai wurin da aka daina fasa dutse shekaru ɗaruruwa da suka wuce, yau yana ƙarƙashin kariyar hukuma saboda ciyayi da furannin da suka yi wuya a wasu wurare. Masu kula da wurin ba su kori dabbobi ba. Tumaki suke saki a lokacin da aka tsara, don kada sarƙaƙiya ta rufe wurin.

Mu ma haka nake so. Kwamitocin filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada su rubuta ramukan a matsayin dukiyar gari, a hana zuba shara da cinna wuta, a jinkirta yanka da kiwo har ciyawa ta zubar da iri. Sarakuna da makiyaya su zauna su tsai da lokacin, domin dokar da ba a yi da su ba, ba za ta kai baɗi ba.

Mutanen da suka raya fako da ramukan tare ruwan sama, wato tassa da rabin wata, a Illela da Keita ba za su kasa wannan ba. Sa hannunka ake jira, kafin kaka ta wuce.

Allah ya taya riƙo.

Wani ɗan Adar, daga Tahoua